Ta Yaya Tsokar Nama Take Jin Zafi?

A ranar 16 ga Oktoba, 1846, a wani asibiti da ke Boston ta Amurka, aka shaƙa wa wani majiyyaci tururin magani, aka yanke masa ƙari a wuya a gaban taron likitoci, ya farfaɗo ya ce bai ji zafi ba. Tun daga ranar tiyata ta sauya kama. Yau likita zai zura magani a jijiyar hannu, ya ce wa majiyyaci ya fara ƙirga, kafin ya kai goma ya tafi. Zuciyarsa na bugawa, jini na zagayawa, kunnensa ma bai daina aika sauti zuwa ƙwaƙwalwa ba. Amma babu mai ji. Idan ya dawo, awa huɗu ta zame masa ƙiftawar ido. Ko barci bai kai haka ba, domin mai barci yakan tashi da kirdadon cewa dare ya yi nisa.

Likitoci sun ƙware a wannan aiki. Sun san yawan maganin da za a ba mai nauyi kaza, sun san inda yake kamawa a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Sai dai shi wannan abin da ya ɗauke ya kuma dawo, mene ne shi? Ta ina ya haɗu da nama da jini har magani cikin sirinji yake iya kashe shi? A nan aikin likita ya tsaya, gardamar masana falsafa ta tashi.

Ba wayo ko basira ake nufi ba. Ana nufin ji na ciki, wanda mai shi kaɗai yake ɗanɗanawa: zugin haƙori cikin dare, launin ja yadda yake bayyana ga mai kallo, faɗuwar gaba. Ɗauki wanda ya dafa ƙarfe mai zafi bisa kuskure. Saƙo ya tashi daga fata ya isa lakar gadon baya, daga nan wani saƙon ya juyo zuwa tsokar hannu, hannu ya fizge. Duk wannan ya kammala kafin mutumin ya san abin da ake ciki. Sai bayan hannu ya tsira zafin yake isowa, ya ce wash. Kashin farko ana iya bayaninsa tun daga tushe da maganar jijiyoyi da sinadarai. Kashi na biyu ma akwai jijiyoyin da ke aiki a lokacin, ana ganinsu a hoton ƙwaƙwalwa. To me ya sa aikin waɗannan yake zuwa da raɗaɗi, na waɗancan kuwa ya wuce shiru ba wanda ya ji shi, alhali duka ƙwayoyi ne iri ɗaya masu musayar ɗan ƙaramin lantarki?

Amsa mafi tsufa, wadda yawancin mutanen duniya suke kai har gobe, ita ce mutum abu biyu ne: gangar jiki, da wani abu da ba jiki ba. Ibn Sina, likita kuma masanin falsafa da ya rasu a 1037, ya kafa wa wannan ra'ayi hujja. Ya ce ka ƙaddara an halicci mutum yanzu-yanzu, cikakke da hankalinsa, yana rataye a sarari, idonsa a rufe, babu iskar da ke kaɗa shi, gaɓoɓinsa a wawware babu mai taɓa ɗan'uwansa. Bai san yana da hannu ko ƙafa ko hanji ba. Zai san cewa akwai shi? Ibn Sina ya ce ko shakka babu. Abin da ka tabbatar da shi kuwa ba zai zama shi ne abin da ba ka ma san da zamansa ba. Ke nan kai daban, jikinka daban.

Hujjar tana da daɗin ji, amma akwai ɓaraka a cikinta. Mutum na iya ganin gamzaki da asuba, ya ga zara da almuru, ya rantse taurari biyu ne, alhali abu ɗaya yake gani a lokuta biyu. Sanin abu ta wata fuska da jahiltarsa ta wata bai raba shi gida biyu ba. Mai yiwuwa mutumin da ke rataye ɗin jikinsa yake ji ta ciki, bai dai gane jiki ne ba.

Bayan shekara ɗari shida René Descartes na Faransa ya bi kusan wannan hanya a littafinsa na 1641. Ya ce yana iya shakkar komai, har da samuwar jikinsa, amma ba ya iya shakkar cewa yana tunani. Jiki abu ne mai tsawo da faɗi, ana yanka shi; hankali ba shi da tsawo ko faɗi, ba ya rabuwa. Wadda ta fi ƙure shi ba wata shehiyar jami'a ba ce, gimbiya ce 'yar shekara 24, Elisabeth ta Bohemiya. A wasiƙar da ta aika masa a watan Mayun 1643 ta ce a iya saninta abu ba ya motsa wani sai ya tura shi, turawa sai da taɓawa, taɓawa kuma sai mai jiki. To ta yaya ran da ba shi da jiki yake ɗaga hannu? Amsarsa ta farko ba ta gamsar da ita ba, ta kuwa gaya masa ƙiri-ƙiri cewa ya fi mata sauƙi ta yarda rai yana da jiki, a kan ta yarda marar jiki yana motsa jiki. Daga nan ya koma cewa haɗuwar rai da jiki ana fahimtarta ne ta zaman yau da kullum, ba ta zurfafa tunani ba. Wannan ai miƙa wuya ne cikin ladabi. Ɗan ƙululun da yake nunawa a tsakiyar ƙwaƙwalwa a matsayin mahaɗar su biyun ma bai warware komai ba, tunda shi ma ƙululun jiki ne.

Musulmi zai tuna ayar Suratul Isra'i da ta ce ruhi yana daga al'amarin Ubangiji, kuma ba a ba mutane ilimi ba sai kaɗan. Wannan bai hana malamai tattauna yadda yake zaune a jiki ba, kuma bakinsu bai zo ɗaya ba. Ibn Sina ya ce ba jiki ba ne sam. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya ce jiki ne amma na wani iri dabam, mai haske marar nauyi, yana ratsa gaɓoɓi yadda ruwa ke ratsa fure ko wuta ke ratsa gawayi. In ka duba da kyau, wannan shi ne ɓangaren da gimbiyar ta ce ya fi mata sauƙin karɓa. Ko ma wanne mutum ya ɗauka, yarda da ruhi ba ta sauke masa tambayar yadda yake cuɗanya da ƙwaƙwalwa ba.

Daga ƙarni na 19 shaidu suka fara taruwa a ɗaya ɓangaren. A 1861 Paul Broca a Faris ya duba ƙwaƙwalwar wani majiyyaci da ya rasu, wanda ya yi shekaru ba ya iya furta komai sai "tan", ya tarar da rauni a gaba ta gefen hagu. Rauni a wani gurbin yakan ɗauke wa mutum gane fuska, har ta matarsa. A wani gurbin ya ɗauke masa ganin launi. Hankalin da aka ce ba ya rabuwa, sai ga shi yana zubewa kashi-kashi.

Mafi ɗaure kai shi ne abin da Roger Sperry da Michael Gazzaniga suka fara ganowa a shekarun 1960, a kan masu farfaɗiya mai tsanani waɗanda aka yanke musu gadar jijiyoyin da ta haɗa ɓarin ƙwaƙwalwa na dama da na hagu. In kana hira da su ba za ka lura da komai ba. Amma a ɗakin gwaji ana iya nuna wa kowane ɓari hoto dabam. A wani gwaji na Gazzaniga an nuna wa ɓarin hagun wani matashi, wato ɓarin da ke magana, hoton ƙafar kaza; na dama kuma aka nuna masa gida cikin dusar ƙanƙara. Aka baza masa katuna aka ce ya zaɓi wanda ya dace da abin da ya gani. Hannun dama ya nuna kaza, hannun hagu ya nuna shebur, kowanne ya bi abin da ɓarinsa ya gani. Da aka tambaye shi dalili, ɓarin da ke magana bai ga ƙanƙarar ba, amma bai ce "ban sani ba". Nan take ya ce ai ƙafar ta kaza ce, shebur kuma na kwashe kashin akurki ne. Ba ƙarya ya shirya ba, har ransa haka ya ɗauka. Wuƙar likita ta raba abin da Descartes ya ce ba ya rabuwa, ta kuma nuna cewa bayanin da mutum yake bayarwa game da cikinsa wani lokaci ƙirƙira ce da shi kansa bai san ya yi ba.

Da irin wannan ne masu cewa mutum jiki ne zalla suka samu bakin magana, ko da yake su ma ba su tsaya kan magana ɗaya ba. Gilbert Ryle na Oxford, a 1949, ya yi wa ra'ayin Descartes ba'a da cewa fatalwa ce a cikin inji, ya ce hankali yana nan a yadda mutum ke aikatawa; labarin zuciya a tambayi fuska. Amma jarumi yakan danne zafi fuska ba ta nuna ba, ɗan wasan kwaikwayo kuma yakan yi kukan da ba ya ji. A shekarun 1950 U. T. Place da J. J. C. Smart suka ce zafi shi ne motsin wasu jijiyoyi a ƙwaƙwalwa, ba ragi ba ƙari. Hilary Putnam ya ce to halittar da tsarin jijiyoyinta ya sha bamban da namu fa, an yanke mata hukuncin ba ta jin zafi ke nan? A wurinsa abin dubawa shi ne aikin da abu yake yi, ba kayan da aka gina shi da su ba. Duk abin da rauni ke tayarwa, ya sa a guje masa, a kuma kiyaye gaba, zafi ne, da nama aka yi shi ko da ƙarfe.

Su ma akwai tsohuwar tambayar da ke jiransu. Leibniz na Jamus ne ya yi ta a 1714. Ya ce a ƙaddara inji mai tunani da ji, a faɗaɗa shi ya kai girman gidan niƙa, ka shiga ka zagaya. Abin da za ka gani kawai shi ne wannan yana tura wancan; ba za ka yi kiciɓis da ji a ko'ina ba. Frank Jackson na Ostireliya ya sabunta ta a 1982 da labarin wata masaniya da ya ƙago, Mary, wadda aka rena a ɗakin da babu launi sai baƙi da fari. Ta haddace duk abin da kimiyya za ta iya faɗa game da gani, daga haske zuwa ƙwayoyin ido zuwa hanyoyin ƙwaƙwalwa. Ranar da ta fita ta ga jan fure, ta ƙaru da wani sani ko ba ta ƙaru ba? In ta ƙaru, to akwai abin da bayanin jiki bai ƙunsa ba. (Shi Jackson daga baya ya janye, ya koma ɓangaren masu cewa jiki ne zalla, amma labarin ya ƙi bin sa.) David Chalmers ne ya raɗa wa abin sunan da ya bi shi, a wani taro a Tucson a 1994: matsala mai wuya. Yadda ƙwaƙwalwa ke tantance sauti, ko adana tuni, ko sarrafa harshe, duk matsaloli ne masu sauƙi a ma'aunin nan, ko da za su ci shekara ɗari, domin an san irin amsar da ake nema. Mai wuyar ita ce dalilin da duk wannan aiki bai gudana a cikin duhu ba.

Daniel Dennett, wanda ya rasu a 2024, ya ƙarar da rayuwarsa yana cewa babu wata matsala mai wuya, ƙwaƙwalwa ce take yi wa kanta rufa-ido. Tana ba mu taƙaitaccen hoton aikinta, mu kuma mu ɗauka akwai wani sirri a bayansa. Yakan tuna wa mutane cewa da can masana sun ɗauka ita kanta rayuwa tana buƙatar wani ƙarfi na musamman, da aka gano yadda ƙwayar halitta ke aiki sai maganar ta mutu da kanta. Labarin shebur yana tare da shi, dole a ba shi wannan. Amma ni ban ga kwatancin ya zauna ba. Abin da ake son a bayyana game da rayuwa duk ayyuka ne: ci, girma, haihuwa, gadon kama. Da aka bayyana su babu saura. Zafi kuwa ko an gama lissafa ayyukansa, shi raɗaɗin yana nan, kuma shi ne ainihin abin da aka zo tambaya a kai. Mutum na iya kuskuren dalilin da ya sa ya nuna shebur, ko kuskuren inda ciwo yake, kamar wanda aka yanke wa ƙafa yake jin ƙaiƙayi a yatsan da babu. Amma cewa ana jin wani abu, rufa-ido ba zai kore shi ba, tunda shi ma rufa-idon sai an ji shi.

Masu binciken ƙwaƙwalwa, tun daga Francis Crick da Christof Koch a 1990, suka ce a jingine gardama a nemo irin aikin jijiyoyin da ji ke tafiya tare da shi. An kuwa samu abin kamawa. Ƙwaƙwalwar mutum na da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kusan biliyan 69 daga ciki suna cikin ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya. Amma a 2014 likitoci a Sin suka ba da rahoton wata mata 'yar shekara 24 da aka haifa ba ta da wannan sashe gaba ɗaya. Tafiyarta da tangaɗi, maganarta ba ta fita tas, amma tana cikin hayyacinta sarai. Ke nan ba yawan ƙwayoyi ba ne, yadda aka ƙulla su ne.

Mazhabobi biyu ne suka fi tashe. Ta Bernard Baars, wadda ya shimfiɗa a 1988 kuma Stanislas Dehaene ya gwada a Faransa, ta ce abu yana shiga hayyacin mutum ne idan aka yaɗa shi ga sassan ƙwaƙwalwa baki ɗaya, magana da tuni da shiri duk su samu. Idan aka walƙa kalma a allo aka rufe ta da sauri, ƙwaƙwalwa tana karanta ta a wani lungu, abin ya mutu a nan, mutum ya ce bai ga komai ba. Idan aka ɗan tsawaita, bayan kusan sulusin daƙiƙa sai aiki ya game ko'ina, ya ce ya gani. Ta Giulio Tononi kuwa, daga 2004, ta ce ji yana nan ne gwargwadon yadda tsari ya dunƙule, sassansa na shafar juna gaba da baya har ba a iya raba su ba tare da asara ba. A ganinsa shi ya sa ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya, wadda sassanta ke aiki kusan kowa tasa ta fisshe shi, ba ta ƙara komai ga ji. An haɗa mazhabobin biyu a gwaji guda, aka bayyana sakamakon farko a New York a watan Yunin 2023, babu wadda hasashenta ya cika duka. A wajen taron ne kuma Koch ya amsa ya faɗi cacar da ya yi da Chalmers a 1998, cewa cikin shekara 25 za a gano tabbatacciyar alamar ji a ƙwaƙwalwa. Bayan wata uku masana 124 suka sa hannu a wata takarda suna cewa mazhabar Tononi ba kimiyya ba ce. Kuma ko da ɗayarsu ta yi nasara, abin da za ta gaya mana shi ne yaushe ji yake zuwa. Wanda ya shiga gidan niƙan Leibniz zai ga saƙo ya yaɗu ko ya dunƙule, ya sake tambayar ina zafin.

Wasu da suka gaji da ɓangarorin biyu sun koma ga wata shawara ta Bertrand Russell ta 1927. Ya ce kimiyyar fiziks tana faɗa mana yadda abu ke aikatawa ne da yadda yake da alaƙa da wani, ba ta faɗin mene ne shi a karan kansa. To mai yiwuwa abin da ke cikin kowace ƙwayar zarra wani ɗan ɓurɓushin ji ne. Galen Strawson da Philip Goff suna cikin masu kare irin wannan ra'ayi a yau. Yana da kyan fasali, tunda ya kauce wa tambayar gimbiya da ta Leibniz a lokaci guda. Sai dai an gudu ba a tsira ba. William James ya riga ya tare hanyar tun 1890: ka ɗauki jimla mai kalma goma sha biyu, ka ba mutum goma sha biyu kowa kalma ɗaya, ka jera su ko ka cunkushe su wuri guda, kowa ya yi ta tunanin kalmarsa, ba inda za a samu wanda ya san jimlar. Ta yaya tarin ƙananan ji yake zama mutum ɗaya mai ciwon haƙori?

Ana iya ɗaukar duk wannan a matsayin hirar waɗanda suka ƙoshi, in ba don abu ɗaya ba. Duk wani awo da ake yi wa ji, daga ƙarshe kan shaidar mai shi yake dogara: ya ce ya gani, ko ya danna maɓalli, ko ya matse hannun likita. Wanda ba ya iya ba da shaida yana cikin haɗari. Har zuwa shekarun 1980 ana yi wa jarirai sabbin haihuwa manyan tiyata a asibitoci da dama da maganin da ke sandarar da tsoka, ba tare da isasshen maganin kashe zafi ba, bisa zaton jijiyoyinsu ba su nuna ba. Sai da bincike irin na K. J. S. Anand a 1987 ya fito aka sauya. Yanzu kuma matsalar ta ɓullo ta baya: ga manhajojin kwamfuta da aka horar da rubutun mutane, suna iya cewa suna baƙin ciki da kalmomin da suka fi na mai baƙin cikin tsari. John Searle ya yi gargaɗi tun 1980 cewa jujjuya alamomi bisa ƙa'ida ba fahimta ba ce. Mai bin Putnam ko Baars ba shi da hujjar kore ji daga inji idan an gina shi da tsarin da ya dace. Mai bin Tononi zai ce kwamfutar da muke da ita ba ta jin komai, ko wace manhaja aka ɗora mata. Inji ɗaya, hukunci biyu masu karo da juna, kuma tambayar injin ba za ta raba gardamar ba.

A 2006 Adrian Owen da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila suka sa wata mata 'yar shekara 23 a na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Ta yi hatsarin mota, ta yi watanni idonta na buɗewa amma ba ta amsa komai, an ɗauka babu kowa a ciki. Suka ce mata ta raya a ranta tana buga tanis, sai sashen da ke shirya motsi ya kama aiki kamar na mai lafiya. Suka ce ta raya tana zagaya ɗakunan gidanta, wani sashen dabam ya ɗauka. Wani babban bincike da aka buga a 2024 ya duba majiyyata 241 da ba sa amsa umarni ta ko wace gaɓa, aka samu 60 suna amsawa ta wannan hanya ko makamanciyarta, wato ɗaya cikin huɗu. Amma ita ma dabarar shaida ce, an dai sauya mata ƙofa daga baki zuwa na'ura, kuma tana buƙatar mutum ya ji magana, ya fahimta, ya riƙe hankalinsa na tsawon lokaci. A wannan binciken an kuma gwada majiyyata 112 waɗanda kowa ya ga suna bin umarni da jikinsu, 43 kaɗai na'urar ta nuna suna amsawa. Ta kasa ganin sauran 69, waɗanda ba a shakkar suna ji, don haka shirun da ta yi kan mutum 181 na rukunin farko bai tabbatar da cewa babu kowa a cikinsu ba.